Jan biri da mutum-mutumi: hadda yake yi ko ganewa?

Habibu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna ƙauyenmu a Tudun Wada, kusa da dajin Falgore, ni da Binta da Kawu Isa. Kawu, ya aka ji da birai bana?

Kawu Isa: Kai dai bari, ɗana. Masarar da ke bakin daji sun gama da ita. Na kafa mutum-mutumi, na sa masa tsohuwar rigata da malafa. Kwana uku suna tsaye daga nesa. Rana ta huɗu sai ga jan biri zaune a gindinsa yana ɓare masara.

Binta: To Yaya Habibu, abin da nake son sani shi ne, wannan mutum-mutumin kaɗai ya gane, ko ya gane cewa duk abin da ba ya motsi ba mutum ba ne?

Habibu: Kin taɓo inda masana suka daɗe suna tono. Akwai Anthony Wright da Jeffrey Katz a Amurka. Sukan nuna wa biri hotuna biyu a allon kwamfuta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In iri ɗaya ne, ya taɓa na ƙasan. In sun bambanta, ya taɓa wani farin akwati a gefe. In ya dace a ba shi ɗan abin ci.

Kawu Isa: Ai masu wasa da biri a kasuwa ma haka suke yi. Ba a ce ya ƙame ya ƙame ba?

Habibu: Wannan hadda ce, Kawu. Su ma da suka fara da hotuna 8, biran sun ƙware sosai. Amma da aka kawo hotunan da ba su taɓa gani ba, sai suka koma canki-canka. Ashe hotunan suka haddace, ba ƙa'idar ba.

Binta: Kamar yaron da ya iya biyu da biyu huɗu a baki, amma ka ba shi tsakuwa ya rikice.

Habibu: Haka. Sai aka riƙa ninka hotunan, 16, 32, 64. Da aka kai 128, duk sabon hoton da aka kawo biri zai raba daidai, kamar yadda yake yi da waɗanda ya saba. Tattabaru sai da suka kai 256. Ni abin da ya fi tsaya mini ke nan. "Iri ɗaya" ba abu ba ne da za ka riƙe a hannu. Ba launi ba ne, ba ƙamshi ba. Alaƙa ce tsakanin abu biyu, kuma dabbar da ba ta magana ta kama ta.

Kawu Isa: Ikon Allah. Lallai biri ya yi kama da mutum. To ƙidaya fa? Don in muka shiga gona mu uku, biyu suka fita, ba sa saukowa.

Habibu: A 1998 Elizabeth Brannon da Herbert Terrace na Jami'ar Columbia sun koya wa birai biyu jera hotuna daga mai abu 1 zuwa mai abu 4. Da aka ba su 5 zuwa 9, waɗanda ba a koya musu ba, suka riƙa taɓa ƙaramin adadi kafin babba.

Binta: Kawu, kenan da kake canza wa mutum-mutumin riga duk mako, misalai kake ƙara masa.

Kawu Isa: Wallahi 'yata, tun ɗazu abin da ke raina ke nan. Riga shuɗiya, riga fara, duk ya ga ba mai motsi. Gobe da sassafe ni da jikokina za mu zauna a bakin gonar da gwangwani, har a karya masarar da ta rage.