Amsoshin Tambayoyinku: Tsirrai da kare hanta daga guba

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, Likita na nan zaune. Wata baiwar Allah ce ta fara, ta ce wai da gaske ne hanta tana sake tofowa in an yanke wani sashe nata?

Likita: Ƙwarai kuwa. Shi ya sa mai rai yake iya bayar da sashen hantarsa a dasa wa wani.

Mai gabatarwa: To Hajiya, kin ji. Sai tambayar da ta fi yawa a wannan makon, mutane da dama sun aiko ta, kowa da irin lafazinsa. Wani bawan Allah ya ce ya karanta a intanet an tace sinadaran wasu tsirrai, an gwada, sun kare hanta daga guba. To me ya hana likitoci rubuta wa marasa lafiya su? Har ya ƙara da cewa ko kishi ne. Likita, an fa taɓa ku.

Likita: Allah ya huci zuciyarsa. Bari in faɗa masa yadda ake irin wannan gwajin. Akasari ɓeraye ake samu, a raba su rukuni-rukuni. A ba wasu ruwan tsiron na 'yan kwanaki, sannan a ɗura musu abin da aka san yana lalata hanta, kamar sinadarin kabon tetirakulorayid ko farasitamol mai yawa. Daga nan a ɗebi jini a auna wasu sinadarai biyu, ALT da AST, waɗanda ke malalowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta suka fashe. In sun yi ƙasa a jikin waɗanda suka sha tsiron, sai a rubuta cewa ya ba da kariya. Ita hanta kuwa aikinta ya wuce haka, ita ke yin ruwan matsarmama, ita ke adana sukari, ita ke…

Mai gabatarwa: Likita, dawo kan ɓerayen.

Likita: Na dawo. Ɓeran nan tun kafin gubar ta shiga ake yawan ba shi tsiron, kuma an auna komai daidai da nauyinsa. Mutum kuwa sai ɓarna ta auku yake zuwa. Akwai wata ƙaya mai furen shunayya da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, daga 'ya'yanta ake samun wani sinadari mai suna silimarin, tana cikin waɗanda aka fi yi wa bincike. A wasu asibitocin Turai ana ba da wani tataccen sashe nata ta jijiya ga wanda ya ci naman kaza mai guba, wato lemar kwaɗi. Amma da aka gwada silimarin na sha a Amurka kan masu ciwon hanta nau'in C, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna ya fi maganin bogi da aka ba 'yan kwatanci ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda bai ji ba. Yin aiki a jikin ɓera daban, yin aiki a jikin mutum daban. Malam, ba kishi ba ne. Ni a ganina ma, duk kwalbar da aka rubuta “mai wanke hanta” a jikinta, mutum ya tsaya ya yi tambaya tukuna.

Likita: Kuma tacewar kanta tana iya zama matsala. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta bayyana a 2018 cewa tataccen sinadarin koren shayi, wato EGCG, in ya kai miligiram 800 a rana yana iya ɗaga waɗancan sinadarai na hanta, ALT da AST. Ƙwayoyin kurkum ma, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya fi tsotsa, an samu waɗanda suka ji wa hanta rauni.

Mai gabatarwa: Ikon Allah, an je neman ƙiba an samo rama. Wani matashi ya ce ƙanensa ya haɗiye farasitamol da yawa, suka ba shi jiƙo, ya kwana lafiya, shi ke nan ko? Haba ɗan samari! Likita?

Likita: A kai shi asibiti yanzu, kada a jira gari ya waye. Gubar farasitamol ba ta nuna kanta sosai a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya. Makarinta sunansa asitilsistin, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko, ko da yake ana bayarwa bayan haka. Babba ma kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini.

Mai gabatarwa: Ka dai ji, tashi ka kai shi. Ta ƙarshe, wata uwa ta ce akwai ganyen da ke kashe ƙwayar ciwon hanta nau'in B?

Likita: Babu wanda aka tabbatar. Akwai rigakafi, akwai magunguna irin su tenofobir masu danne ƙwayar. Ta je a auna ta, a auna yaran.

Mai gabatarwa: Injiniya na ɗaga mini hannu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.