Eriyar waya a ɗan lambun bayan gida

Assalamu alaikum mutanen Katsina da Daura. Yau a bayan gidana kuke, nan Ingila, cikin ɗan filin da suke kira lambu. Ku duba da kyau, faɗinsa bai cika mita 8 ba, a Daura ko turken awaki ya fi shi yalwa. A nan zan ɗaura eriyar rediyon 'yan sha'awa, irin wanda ake magana da shi a kuma amsa maka. So nake muryata ta isa gida, sama da kilomita 4,000, ba data ba layin waya.

Abin da ke hannuna wayar wuta ce ta jan ƙarfe, irin wadda ake samu a Kasuwar Central ta Katsina. Tsawonta ne duk maganar. Zangon mita 20 nake so, wato megahaz 14, domin shi ne ke cin dogon zango da rana zuwa maraice. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 143 da 14, ka samu mita 10 da 'yan kai. Sai ka raba ta biyu, mita 5 kowane ɓangare, kebur na eriya, irin wanda ake kira mai ohm 50, ya shiga tsakiya ya tafi ɗaki wurin rediyo.

To ina mita 10 za ta miƙe a fili mai mita 8? Nan ne mutane da yawa ke karaya, kuma abin yana ba ni takaici, don ba dole ba ne waya ta miƙe sambal. Ga sandar kamun kifi, ta roba mai ƙarfi, na ɗaure ta a jikin shinge. Tsakiyar wayar na can ƙololuwa, ƙafafun biyu sun gangaro hagu da dama, kowace na ja ta da igiya zuwa kusurwa. Da ta gangaro, sai filin ya ishe ta. Ku lura kuma da yadda na shimfiɗa ta, gabas da yamma. Irin wannan eriya ta gefenta take fi jefa sigina, kuma Katsina kudu take da ni. Siginar za ta haura sama, ta bugi wani ɓangare na sararin samaniya da rana ke caja, ta dawo ƙasa can nesa.

Bari in matso da kyamara. Kun ga bakin wayar, ban yanke ba, naɗe shi na yi. Na bar rara da gangan, ina ragewa kaɗan-kaɗan ina duba wannan ma'aunin SWR, mai nuna ko eriyar ta dace da rediyon. In allurar ta sauka ƙasa da 2, rediyo ya yarda da eriyar.

Ƙanena da ke Daura, kai nake nufi da sauran maganar, tunda ka ce za ka gwada. Ka fi ni sa'a, kana da darbejiyar ƙofar gida, ta fi sandata tsayi. Ka tuna yadda Baba ke naɗa waya a eriyar rediyonsa don BBC Hausa ta fito tangaran? Ilimin ɗaya ne, aunawa kawai muka ƙara. Sauraro ba ya buƙatar izini, ka dai nemi rediyo mai SSB, wato tsarin aika murya da 'yan sha'awa ke amfani da shi, in ba haka ba gunaguni za ka riƙa ji. Amma magana sai da lasisi. Ni nan jarrabawa na zauna kafin Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, ta ba ni lambar kira, wato lambar da ake gane ni da ita a iska. Lambobin Najeriya da 5N suke farawa, kuma wallahi ba kasafai nake jin su a iska ba, abin da ke damuna ke nan. Tun 2021 da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina na ƙara ganin darajar wannan ilimi.

Don Allah kada wayarka ta kusanci wayar NEPA, ko da babu wuta. Inbata da fitilun LED suna cika rediyo da shuu, ka nisanta eriyar da su. In hadari ya taso da damina, cire kebur daga rediyo ka fitar da kebur ɗin waje tun kafin a fara walƙiya. Ka auna tsayin darbejiyar ka turo mini, in faɗa maka inda za ka ɗaure igiyar.