Nampeyo da tukwanen Hopi: daga laccar da aka ɗauka a faifai

Assalamu alaikum jama'a. Toh yau zan kai ku Arizona ne, can arewa maso gabashin jihar a Amurka, inda mutanen Hopi suke zaune a ƙauyuka bisa duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai guda 3. A na farkon akwai ƙauyen Hano na 'yan Tewa, wata ƙabila da ke zaune cikin Hopi, nan aka haifi Nampeyo, shahararriyar maginiyar tukwane, wajajen 1860.

Su dai a ginin tukunya na gargajiya ba sa aiki da inji ko kaɗan. Mace za ta haƙo yumɓunta ta jiƙa ta tace, ta murza shi dogo-dogo kamar igiya tana naɗawa tana ɗorawa har tukunya ta tashi, sai ta kankare da sakaina ta goge da ɗan dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Baƙin fenti kuma ganye ake dafawa ya yi kauri a haɗa da garin dutse, buroshin ma ganyen yuka ne, wani tsiro mai dogayen ganye masu tsini, ake tauna bakinsa ya yi laushi. Gasa tukunyar a fili ake yi da busasshen kashin tumaki, shi ya sa za ka ga tukunya ɗaya nan ruwan ƙwai can ja-ja, aikin wuta ne wannan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne inda matar nan ta samo zanenta. Akwai kufai kusa da su, Sikyatki, wanda wani mai binciken kayan tarihi, Jesse Walter Fewkes, ya tona a 1895. Tsingaron tukwanen kakanni da ke wurin shi ta riƙa dubawa, fukafukan tsuntsu da layuka masu lanƙwasa, ta dawo da su kan sababbin tukwane masu faɗi da ɗan ƙaramin baki. Kuma wallahi ba kwafa kawai ta yi ba, ta sa nata a ciki.

Daga baya idonta ya fara mutuwa, amma fa ba ta daina gini ba, hannu ya riga ya san hanya, ita ta gina iyalinta su zana, musamman 'yarta Fannie. Ta rasu a 1942. Jikokinta da tattaɓa-kunne sun ci gaba, irin su Dextra Quotskuyva wadda ta rasu a 2019, har yau kuma akwai 'yan gidan da ke sa sunan Nampeyo a gindin tukwanensu.