Yaron da Aka Fifita a Kan LeBron: A Wane Mataki Ya Zame?

[Hoto: tsohon bidiyon ABCD Camp, sansanin ƙwallon kwando na zaratan 'yan sakandare, New Jersey, 2001]

Kwanan nan wannan bidiyon ke ta yawo, jama'a na tambaya: idan har Lenny Cooke ya fi LeBron James suna a ƙwallon kwando tun suna sakandare, me ya hana wata ƙungiyar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta saye shi? To, a tambayar kanta kuskuren yake. NBA ba ta sayen yaro yadda kulob ɗin ƙwallon ƙafa ke yi.

Ga dai jifar da ke cikin bidiyon tukuna. Sakan na ƙarshe, maki uku, LeBron ne. Mai tsaronsa kuma Cooke. Shi ke nan, mu wuce.

Ga tsarin a gurguje. Sau ɗaya a shekara, a watan Yuni, ƙungiyoyi 30 ke zama su zaɓi sabbin 'yan wasa, abin da ake kira diraf. Zagaye biyu ne, yawanci mutum 60. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara ɗauka, bayan an jefa musu ƙuri'a. Samarin da ke buga wa sakandarensu a Amurka kuwa sun haura dubu 500. Ku yi lissafin da kanku.

Yanzu a rage gudu, don nan ne wurin.

Yaro ba ya shiga diraf haka kawai, sai ya rubuta wa NBA cewa a sa sunansa. A zamanin Cooke, idan ka yi haka kuma ka rattaba hannu da wakili, wato mai nema wa ɗan wasa kwantiragi, ko ka karɓi kuɗinsa, hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta gama da kai. A wurinta ka zama ɗan wasan kuɗi. Gurbin karatu kyauta ya tafi, damar buga wa jami'a ta tafi, kuma babu dawowa. Sa suna kuwa ba alkawari ba ne, babu ƙungiyar da aka ɗora wa dole ta kira ka.

Abin da ya sami Cooke ke nan a 2002. Ya sa suna kai tsaye daga sakandare, ya ɗauki wakili, aka karanta zagaye na farko, aka karanta na biyu, ba a ambace shi ba. Ba tsuntsu ba tarko. Daga nan sai ƙananan gasanni a Amurka, sai Filifin, sai Shanghai, sai haɗarin mota a 2004 da ya lalata masa ƙafa. Bai taɓa buga wasan gasar NBA ko ɗaya ba.

Ko an kira sunanka ma, a wane zagaye? Wannan ne mutane ba sa dubawa. Ɗan zagayen farko kwantiraginsa tabbatacce ne: a wancan lokacin shekara uku, yanzu biyu, ko ya buga ko ya zauna a benci za a biya shi. Ɗan zagaye na biyu babu abin da doka ta tabbatar masa, sai abin da wakilinsa ya iya ƙwatowa.

[Hoto: fuskoki biyu gefe da gefe]

Na hagu Korleone Young, Detroit ta ɗauke shi na 40 a 1998, wato a zagaye na biyu. Wasa uku ya buga, aka sallame shi. Na dama Ndudi Ebi, ɗan asalin Najeriya, ya yi sakandare a Houston. Ya riga ya yi wa Jami'ar Arizona alkawari, sai ya fasa, Minnesota ta ɗauke shi na 26 a 2003. Wasa 19 kacal ya buga kafin a sallame shi a 2005, daga baya ya yi ta bugawa a Italiya da wasu ƙasashe. Dukansu biyu ba su ci nasara a NBA ba, amma Ebi, ɗan zagayen farko, ya fita da kwantiragin shekara uku a aljihu.

Af, ga Kwame Brown da ake ta yi wa dariya a intanet. Shi aka ɗauka na ɗaya a 2001, bai zama gwarzon da aka zata ba, gaskiya ne. Amma kaka 12 ya yi, ya tara sama da dala miliyan 60. Idan wannan ne faɗuwa, Allah Ya ba mu irinta.

Waɗanda suka shiga daga sakandare suka dace kun san su. Kevin Garnett 1995, ya ɗauki kofi da Boston a 2008. Kobe Bryant 1996, na 13, kofi biyar da Lakers. LeBron 2003, ya karya tarihin yawan maki a 2023. Su ake haskawa, shi ya sa hanyar take kamar mai sauƙi.

Wannan ƙofar ta shiga NBA kai tsaye daga sakandare ma an rufe ta. Tun diraf na 2006, sai yaro ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen, kuma shekara ɗaya ta wuce da kammala sakandaren 'yan ajinsu. Mafi yawa sukan yi shekarar a jami'a. Wasu su ƙetare: Brandon Jennings ya tafi birnin Rum na Italiya a 2008, LaMelo Ball ya tafi Ostireliya, aka ɗauke shi na uku a 2020.

Dokar NCAA ita ma ta sassauta. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗin talla da sunansa. Yana kuma iya sa suna a diraf, ya ɗauki wakilin da NCAA ta tantance, ya je gwajin da NBA ke yi a watan Mayu, ya ji abin da ƙungiyoyi ke cewa a kansa. Idan labarin bai yi daɗi ba, sai ya janye ya koma aji. Amma wa'adin janyewar kwana goma ne bayan an rufe gwajin. Wanda ya bari ya wuce, sunansa na nan a diraf, jami'a kuma ta rufe masa ƙofa.