Aikin sakatare a Sakkwato: ina ake hawa daga wannan kujera?

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taɓa shiga Sakatariyar Usman Faruk ko ta Shehu Kangiwa neman sa hannun wani darakta, ya san akwai teburin da ba a tsallake shi. Kafin ka ga oga, sai ka ga sakatare. Mutane da yawa suna ɗaukar aikin nan a matsayin buga takarda da amsa waya, kuma a ganina wannan raini ne ya sa wasu matasanmu ke gudunsa.

To, me ke wucewa ta teburin nan? Wasiƙa ta shigo daga wata ƙaramar hukuma, a ce Wurno ko Tambuwal. Sakatare ya buga mata hatimi, ya rubuta ranar da ta iso, ya sa ta a fayil ɗinta. Oga ya yi ɗan rubutu a gefe da jan biro, layi biyu kacal, ya tura wa wani jami'i. Bayan mako fayil ɗin ya dawo da amsa. Wanda ke buɗe ido zai ga dalilin da ya sa aka amince da wannan buƙata aka ƙi waccan, da irin lafazin da ake yi wa kwamishina wanda ba shi ake yi wa ɗan kwangila ba, da inda maganar kuɗi ke maƙalewa. Wani jami'in sai ya shekara goma bai ga abin da sakatare ke gani a wata shida ba.

Haka abin yake tun zamanin daular Usmaniyya. Wasiƙun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa ga sarakunan gabas, ta hannun Waziri Gidado ɗan Laima suke bi, kuma shi ne ya sauki Bature Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824.

Yanzu maganar karatu. An daina kiran fannin da sunan karatun sakatare a kwalejojin kimiyya da fasaha, ana ce masa OTM, wato fasahar ofis da gudanarwa, ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna. Difloma shekara biyu, babbar difloma wasu biyu. Tafireta ta zama tarihi. Abin da oga ke so yau shi ne mai iya Word da Excel, mai tsara imel, mai rubuta bayanin taro ya miƙa kafin a tashi aiki.

Ga inda ya kamata ku saurara da kyau. A tsarin aikin gwamnati, layin sakataren sirri, wato sakataren ofishin oga, yana da rufi, yakan tsaya ne a matakin albashi na 14. Daga mataki na 7 zuwa na 14, shekara uku ake jira tsakanin ƙarin girma da ƙarin girma. Mai burin zama darakta ko babban sakataren ma'aikatar gwamnati dole ya sauya layi zuwa na jami'an mulki, kuma ƙofar wannan layi digiri ne. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan, Jami'ar Jihar Sakkwato na nan, ga kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ga wanda ba zai iya barin ofis ba. Amma a nemi izinin karatu a rubuce tukuna. Wanda ya yi karatu a ɓoye, ranar da ya kawo takardarsa za a iya ce masa ba a san da ita ba.

Sai riƙon sirri. Sakkwato gari ne da kowa ya san kowa. Da yamma a majalisa wani zai ce, "Yaya, an ce sunan wane na cikin waɗanda za a sauya wa wurin aiki?" Kai ka buga takardar da hannunka, amma amsarka ita ce ba ka da masaniya. Kalma ɗaya ta fita, gobe an mai da kai rajista, wato ofishin ajiye fayiloli, an ɗauko wani.

Ke kuma 'yar'uwa da kike wannan aiki, kada ki tsaya jiran a ba ki rubutu ki buga. Idan wasiƙa mai sauƙi ta shigo, ki tsara amsarta ki ajiye wa oga tare da fayil ɗin. Zai gyara ta farko, zai gyara ta biyu. Ki adana waɗanda ya gyara ɗin a wata jaka daban, ki riƙa duba abin da ya soke da abin da ya ƙara kafin ki tsara ta gaba.