Lacca: Abin da ke samun ƙasa idan ta fice daga ƙungiyar kasuwanci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, malamai, ɗalibai, barkanmu da haɗuwa. Na bayan nan kuna jina? To madalla. Maganata kashi huɗu ce: ayyukan yi, sai asibiti da sauran hidimomin gwamnati, sai siyasa, na huɗu kuma ribar da ƙasa ke samu idan ta fita, domin akwai ribar. Birtaniya zan riƙe a matsayin misali, saboda ita ce babbar ƙasar da ta yi wannan a kan idonmu.

Birtaniya ta shiga ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, a 1973. Ranar 23 ga Yuni 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. An fita a hukumance ranar 31 ga Janairu 2020, amma dokokin kasuwar suka ci gaba da aiki har ƙarshen wannan shekarar. Ana saura mako guda wa'adin ya cika, ranar 24 ga Disamba, aka cim ma yarjejeniya: babu kuɗin fito a kan kaya, babu ƙayyade yawan abin da za a shigar.

To a nan nake so ku ba ni hankalinku. Mutum zai ce, tunda babu kuɗin fito, ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, jama'a. Abin da ya dawo shi ne takarda. Ku rubuta wannan, takarda. Lokacin da Birtaniya ke cikin kasuwar bai ɗaya ta Tarayyar Turai, ɗan kasuwa a Manchesta zai loda kaya ya aika Faris kamar yadda zai aika Landan, ba wanda zai tsayar da shi ya ce ina takardar kwastan. Dalili kuwa, doka ɗaya suke bi. Abin da aka yarda da ingancinsa a nan, an yarda da shi a can. Da ka fita ka ce ni zan riƙa yin dokata, maƙwabci zai ce to, ba laifi, amma duk abin da za ka kawo mini sai na duba. Dubawar nan kuwa kuɗi ce, lokaci ce, ma'aikata ce.

Ku ɗauki masunta na Sikotland. Akwai irin jatan lande da ƙaguwa da suke kamawa, ana kai su Faransa da Sifen da ransu, domin a can ne ake sayensu da daraja. Kaya ne da ba ya jira. Daga 1 ga Janairu 2021, kowane kaya sai an haɗa shi da takardar kwastan, da shaidar inda aka kama shi, da takardar lafiya wadda jami'in da aka amince da shi ya duba ya sa wa hannu. Kuma ƙananan masu kaya ba sa iya cika tirela su kaɗai, haɗa kaya suke yi, mutum goma ko fiye a mota ɗaya. Idan takardar mutum ɗaya ta samu kuskure, ko da lamba ɗaya ce, motar gaba ɗaya ta tsaya. Kayan kowa na ciki, agogo na tafiya. A makonnin farko kaya sun lalace a hanya, har masu sana'ar suka tuko manyan motocinsu zuwa tsakiyar Landan, kusa da majalisa, suka yi zanga-zanga a cikin watan Janairun nan. Kuma ku tuna, garuruwan masunta da yawa suna cikin waɗanda suka fi son a fita, domin an yi musu alkawarin ruwansu zai dawo hannunsu.

Abin da ke ci mini rai a wannan magana shi ne, takarda ba ta san babba da ƙarami ba. Kuɗin cike ta ɗaya ne, ko kwali biyu ka aika ko kwantena. Babban kamfani yana da ofis guda na masu cike takardu, ya raba kuɗin a kan kaya masu yawa, ba ya ji a jikinsa. Matar da ke da ɗan kamfanin cuku mai ma'aikata shida, wadda mai saye a Jamus ke neman kwali ɗaya a wata, idan kuɗin takardar lafiya ya fi ribar kwalin, me za ta yi? Sai ta rubuta wa mai sayen ta ba shi haƙuri. Ba a rufe masana'anta ba, ba a kori kowa ba, jarida ba ta buga ba. Amma ma'aikaci na bakwai da na takwas da za ta ɗauka, ba za a taɓa ɗaukarsu ba. Irin ɓarnar gara ce, daga waje itacen lafiya lau. Hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya da kanta ta ƙiyasta cewa za a samu ƙarin takardun kwastan sama da miliyan 200 a shekara, kuɗin cike su wajen fam biliyan 7. A shekara ɗaya fa, kuma kowace shekara.

Akwai kuma wata takardar, ta shaidar asalin kaya. Cewa babu kuɗin fito, sharaɗinsa kayan su kasance an yi su a Birtaniya ko a Tarayyar Turai. Idan kamfani ya sayo riguna daga Bangladesh ya ajiye a rumbunsa na Ingila, sannan ya tura shagonsa da ke Dablin ta ƙasar Ireland, wadda ke cikin Tarayyar, rigunan nan ba 'yan Birtaniya ba ne, ana iya cajinsu. Shi ya sa wasu kamfanoni suka buɗe rumbuna a Holan da Beljiyam, aikin da ɗan Ingila zai yi ya koma can. Haka masu ƙera mota. Ƙarfe ɗaya na cikin inji yakan tsallaka teku tsakanin Faransa da Ingila da Jamus fiye da sau ɗaya kafin a ɗaura shi a mota. Tashar jiragen ruwa ta Dover, inda ake tsallakawa daga Ingila zuwa Faransa, ita kaɗai tana ganin manyan motoci wajen 10,000 a rana idan hada-hada ta yi yawa. Ku ƙara wa kowace mota 'yan mintoci, ku lissafa tsawon layin da kanku. Ɗaliban lissafi, ga aikin gida nan. [dariya]

Sai dai a yi adalci. Masu cewa ana fita tattalin arziki zai durƙushe nan take, hakan bai faru ba. Rashin aikin yi bai tashi sama ba. Kamfanin Nissan bai bar Sunderland ba. Honda ta rufe masana'antarta ta Swindon a 2021, amma ita da bakinta ta ce ba fitar ce dalili ba. Ga korona ta faɗo a daidai lokacin, ga yaƙin Yukren daga baya. Amma ofishin da ke yi wa gwamnatin Birtaniya hasashen kasafin kuɗi, wanda ba na jam'iyya ba ne, lissafinsa shi ne a dogon lokaci cinikin ƙasar da waje zai ragu da kusan kashi 15, ƙarfin samar da dukiya kuma ya ragu da kusan kashi 4, idan aka kwatanta da a ce ba a fita ba. Kashi 4 kamar ba yawa, amma daga cikinsa ake karɓar harajin da ake biyan likita da malamin makaranta.

Wannan ya kai mu asibiti. Af, ban faɗi maganar direbobi ba. Da 'yancin zirga-zirgar ma'aikata ya ƙare, ga korona, a 2021 ƙungiyar masu manyan motoci ta ce tana da giɓin direbobi wajen 100,000. A watan Satumba gidajen mai suka ƙafe, ba don babu man ba, don babu mai tuƙa tankar. Sai da aka sa sojoji, aka kuma ba da bizar wucin gadi ga direbobi 5,000. Albashin direbobi ya tashi, wannan gaskiya ne, kuma ga direban riba ce.

To, asibiti. Lokacin kamfe an yi wata jar bas, an rubuta a jikinta cewa ana aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 duk mako, gara a ba asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yana ɓatar da mutane, domin ba a cire rangwamen da Firaminista Margaret Thatcher ta samo wa ƙasar tun 1984 ba, ba a cire kuɗin da ke dawowa ga manoma da yankuna matalauta irin su Cornwall da wasu sassan Wales ba. Kuma asibiti ba kuɗi kaɗai yake so ba, mutane yake so. A watan Yulin 2016 ma'aikatan jinya 1,304 daga ƙasashen Tarayyar suka yi rajistar aiki a Birtaniya. Zuwa Afrilun 2017 sun koma 46. Akwai jarrabawar Turanci da aka tsaurara a lokacin, ita ma ta taimaka, amma faɗuwar ba ƙarama ba ce. Hukumar kula da magunguna ta Turai kuma ta tashi daga Landan ta koma Amsterdam a 2019 da ɗaruruwan ayyukanta. Marar lafiya dai yana kwance, dole a nemo mai kula da shi, sai aka juya Indiya da Filifin da Najeriya da Zimbabuwe. Mutane da yawa sun zaɓi fita ne don a rage baƙi. A lokacin ƙuri'ar, rarar masu shigowa a kan masu fita tana wajen 300,000 a shekara. A 2023 ta haura 900,000. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Na huɗu, siyasa. Na uku ne? To, na uku. Shugaba yana nuna mini agogo, bari in yi sauri. Firaminista David Cameron ya sanar da murabus washegarin ƙuri'ar. Theresa May da ta gaje shi ta kawo yarjejeniyarta ta ficewa majalisa a Janairun 2019, aka kayar da ita da ratar ƙuri'a 230, ita ma ta tafi. Boris Johnson ya ci zaɓen Disamban 2019 da alkawarin gama maganar. Sikotland kashi 62 suka zaɓi zama, sai masu neman ɓallewa daga Birtaniya suka samu sabuwar hujja. Mafi wuya ita ce Ireland ta Arewa. Tana da iyakar ƙasa ta kusan kilomita 500 da Jamhuriyar Ireland, wadda ke cikin Tarayyar, kuma sulhun 1998 da ya tsayar da zub da jini na shekara talatin ba zai jure a dawo da shingayen bincike ba. Sai aka mayar da binciken kan teku, tsakanin yankin da sauran Birtaniya. Jam'iyyar DUP, ta masu son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, ta ce an raba su da ƙasarsu, ta janye, gwamnatin yankin ta tsaya daga Fabrairun 2022 har Fabrairun 2024. Shekara biyu babu gwamnatin yanki, asibitoci na jiran masu yanke shawara. Kuma kan me? Kan inda za a duba takarda.

Ribar kuwa, ƙasa tana yin dokarta, tana ƙulla yarjejeniyarta. An ƙulla da Ostireliya da New Zealand, an shiga ƙungiyar cinikayya ta ƙasashen tekun Fasifik a Disamban 2024. Amma lissafin gwamnatin da kanta ya ce ta Ostireliya za ta ƙara wa tattalin arziki kashi 0.08 ne, saboda nisa. Sama da kashi 40 na abin da Birtaniya ke sayarwa waje Tarayyar Turai yake tafiya. A watan Mayun 2025 gwamnatin Firaminista Keir Starmer ta amince a shirya yarjejeniyar rage binciken kayan abinci da dabbobi, sharaɗin kuwa ta riƙa bin dokokin Tarayyar a wannan fannin, dokokin da yanzu ba ta da ƙuri'a a kansu. Bari in tsaya nan, na ga hannu a sama.

Tambaya: Allah gafarta Malam, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Abin da ya sami Birtaniya zai same su ke nan?

Allah ya yi miki albarka, 'yata, tambaya ce mai kyau. Sun sanar ranar 28 ga Janairu 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Akwai bambanci, kada mu haɗa su kai tsaye. Su ukun ba su bar UEMOA ba, ƙungiyar masu kuɗin sefa, don haka tsakaninsu da Senegal da Kwaddibuwa da Togo da Benin akwai wata yarjejeniyar kwastan da ke nan daram. Inda maganar take da nauyi shi ne tsakaninsu da waɗanda ba sa cikin sefa, irin su Najeriya da Ghana da Gini. Sannan dalilin fitarsu ba kasuwa ba ce, juyin mulki ne da takunkumi da tsaro. Amma tambayar da za ki riƙa yi ita ce dai wadda na yi ta nanatawa: a bakin iyaka, wace takarda za a ce a nuna? Yarjejeniyar 1979 ce ta ba ɗan ECOWAS damar shiga kowace ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza. A Janairun 2025 ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a ci gaba da karɓar kayansu a kan tsohon tsari, har sai an sake sanarwa. Wannan rangwame ne na wucin gadi, ana iya janye shi. Kuma dukkansu ukun ba su da teku, kayansu ta tashoshin maƙwabta suke bi, irin su Lome da Abidjan da Dakar da Tema. Idan kina son misali na kusa, ki duba Muritaniya. Ta bar ECOWAS a shekara ta 2000, a 2017 kuma ta sa hannu a yarjejeniyar haɗin gwiwa da ita kan ciniki da zirga-zirgar jama'a, ba tare da ta dawo a matsayin mamba ba. Ɗan'uwa na can baya mai farar hula, a miƙa masa abin magana.