Igiyar raket ɗinka ba ta tsinke ba, amma ta mutu tuni

[Hoto: bakin fili da yamma, 'yan wasa na fito da raket daga jaka]

Assalamu alaikum, 'yan tanis na Bauchi da kewaye. Kwanan nan wata magana ta cika bakin fili, daga masu fitowa bayan Asuba har masu zuwa bayan La'asar: wai ka nemi baƙar igiyar nan irin ta Nadal, a ɗaura maka sau ɗaya, ka huta shekara guda. Hujjarsu ɗaya ce, ba ta tsinkewa. Gaskiya suka faɗa, da wuya ta tsinke. Amma ku duba hannun masu wannan magana da kyau. A cikinsu akwai masu wasa da bandeji a gwiwar hannu, kuma ba su taɓa zargin igiyar ba.

Bari mu bi nau'o'in da sauri, don ba nan matsalar take ba.

[Hoto: fakiti huɗu a jere]

Wannan ta farko da hanjin shanu ake yin ta. E, hanji. Mu nan farfesun kayan ciki muka sani da shi, amma kamfanin Babolat da ke birnin Liyon na Faransa tun 1875 yake murza hanji ya mai da shi igiyar tanis. Ita ce mafi laushi a hannu, ita ce mafi riƙe ɗauri, ita ce kuma mafi tsada, ga ta ba ta son laima. Ta biyu nailan ce, mai araha, wadda ake samu a yawancin raket ɗin da aka sayo a ɗaure. Ta uku, malti, ɗaruruwan sirāran zaruruwa ne aka manne wuri guda don a kwaikwayi laushin ta hanji. Za ku ga tana yin gashi-gashi kafin ta tsinke. Ta huɗu ita ce uwar gayya, foliyesta, wadda muke ce wa foli. Sili ɗaya ne tak, mai tauri, mai santsi.

Foli ta yi suna ne a 1997, lokacin da wani matashi ɗan Brazil, Gustavo Kuerten, yana na 66 a duniya, ya je Faris ya cinye gasar Roland Garros da igiyar kamfanin Luxilon na ƙasar Beljiyam. Yana dukan ƙwallo da dukkan ƙarfinsa, kowa na jiran ya fita waje, sai ya lanƙwaso ya faɗo cikin layi. Daga nan manyan 'yan wasa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Nadal, mai kofin Roland Garros 14, da RPM Blast ta Babolat ya yi shekarunsa na ƙarshe. Ita ce baƙar da ake ta magana.

To, yanzu ku gyara zama. Za mu rage gudun hoton sosai.

[Hoto a hankali: ƙwallo na sauka a fuskar raket]

Ƙwallon nan ba ya wuce kashi huɗu zuwa biyar cikin dubu na daƙiƙa ɗaya a kan igiya. Ku bar kallon ƙwallon, ku kalli igiyoyin tsaye, waɗanda suka taso daga wajen mariƙi zuwa kan raket. Kun gani? Da raket ya goge ƙwallon daga ƙasa zuwa sama, sai suka zame gefe a kan na kwance. Ga su nan sun karkace. Yanzu kuma... sun dawo da ƙarfi, ƙwallon bai ma bar raket ba tukuna. Wannan dawowar ita ke ƙara wa ƙwallo juyi. A sake nuna mana. Zamewa, dawowa. Zamewa, dawowa.

Mutane da yawa sun ɗauka kaushin igiya ne ke kama ƙwallo ya murɗa shi, shi ya sa suke neman mai kusurwa. RPM Blast kusurwa takwas gare ta, koriyar nan Hyper-G ta Solinco huɗu. Kusurwa na taimakawa, ban musa ba, amma tana gogewa da wasa. Babban aikin na santsi ne, igiya ta zame ba tare da ta maƙale ba, ta kuma sami ƙarfin komawa mazauninta. Hukumar tanis ta duniya ta san da haka tun tuni. A 1977 aka yi yayin wani salon ɗauri da ba a saƙa igiyoyin tsaye cikin na kwance ba, suna yawo yadda suka ga dama. Ilie Nastase ya riƙe irin wannan raket ya kara da Guillermo Vilas a Faransa, juyin ƙwallon ya yi yawa har Vilas ya bar wasan bai ƙarasa ba. Ba a daɗe ba aka haramta salon. Foli ta zo ne ta yi kusan wannan aikin ta hanyar da doka ta yarda.

Ga inda ake kuskure. Wannan zamewa da dawowa ba ta ɗorewa.

[Hoto na kusa: mahaɗar igiyoyi, tsohuwa da sabuwa gefe da gefe]

Ku dubi ta hagu, sabuwa ce, mahaɗarta sumul. Ku dubi ta dama. Kun ga wannan ɗan ramin da ya fito a jikin ta tsaye? Duk bugu ɗaya gogayya ɗaya ce, har ta kwance ta sassaƙa wa ta tsaye gurbi. Da gurbin ya yi zurfi, sai ta faɗa ciki ta zauna, ba zamewa, ba dawowa. A lokaci guda kuma ɗaurin yana saki. Kowace igiya tana fara saki tun daga ranar da aka sauke raket daga inji, amma foli ta fi sauran saurin saki, kuma in ta miƙe ba ta komawa. Kamar robar wando ce da ta sha wanki: ba ta tsinke ba, tana nan da'irarta cif, amma ba ta riƙe komai.

Me ke biyo baya? Ƙwallon da kake bugawa ya faɗa cikin layi, yanzu yana wucewa da taku ɗaya. Kai kuma ba ka san igiya ce ba, sai ka ce hannunka ne ya lalace. Ka ƙara matse mariƙi, ka ƙara murɗa wuyan hannu, ka ƙara ƙarfi don ka tilasta wa ƙwallon ya sauko. Igiyar kuwa dama can mai tauri ce, girgizar kowane bugu tana wucewa kai tsaye zuwa wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa. Mako biyu, mako uku, sai ka ji ɗaukar buta ma yana yi maka zafi a bayan gwiwar hannu. Wannan abin yana damuna ƙwarai, don masu faɗawa cikinsa galibi su ne waɗanda suka fi son wasan, masu zuwa fili kullum, kuma sun sayi igiyar ne don su rage kashe kuɗi.

Masu sana'ar ɗauri da yawa suna ƙiyasta ran foli a awa 10 zuwa 20 na wasa. Ka lissafa da kanka. In kana yin awa biyu sau uku a mako, wata ɗaya ma ba ka cika ba ka wuce iyakar. Sauran wata goma sha ɗayan da ake yi maka alkawari, da gawa kake wasa.

Wani zai ce, to Nadal fa? Ka lura da kyau in kana kallon babbar gasa. Ana sauya ƙwallaye bayan gem (ƙaramin zagayen wasa a cikin karawa ɗaya) bakwai na farko, sannan bayan kowane tara, kuma a daidai lokacin za ka ga da yawansu sun je jaka sun zaro wani raket daga leda. Sabon ɗauri ne, na ranar ko na daren jiya. Su awa ɗaya suke nema a wajen igiyar, ta ba su duk abin da take da shi, a yanke ta. Ba su taɓa sayen ta don ta kai su baɗi ba.

Gwajin ba ya buƙatar inji. Ɗauko raket ɗinka yanzu, ina jira.

[Hoto: yatsu biyu na jan igiyar tsaye ta tsakiya]

Kama ɗaya daga cikin na tsakiya, ja ta gefe, ka saki. In ta koma da kanta, ƙas, da sauran ranta. In ta tsaya inda ka kai ta, ko ta koma tana jan ƙafa tana ƙara, ta gama aiki. Haka nan in ka ga bayan kowane maki sai ka tsaya kana gyara igiyoyi da yatsa, alhali foli ce, ita ma shaida ce. Nailan da malti sun saba karkacewa tun suna sababbi, kada wannan ya tsorata ka. Foli ce in ta fara haka, labari ya ƙare.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci, kuma ina so kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah: kana tsinka igiya? In nailan na yi maka wata uku, wata huɗu ba ta tsinke ba, to ba ka da matsalar da aka ƙirƙiro foli don ta magance. Kuma sai raket ya zo da gudu sosai kafin igiya mai taurin foli ta zame ta dawo. Wanda bugunsa bai kai nan ba, taurin kawai zai sha, juyin ba zai gani ba. A ra'ayina, yawancin masu wasan motsa jiki a garin nan, da iyayenmu masu fitowa da safe, da mata masu fara koyo, nailan mai kyau ko malti ta fi musu alheri nesa ba kusa ba. Yara kuwa, don Allah kociyoyi, kada a ɗaura wa ɗan shekara goma sha ɗaya foli zalla don ya ga irinta a talabijin. Hannunsa bai gama ƙwari ba. Matashin da ke shirin gasar Dala a Kano, yana tsinka nailan duk mako, shi ne mai foli, kuma shi ma da sharaɗin zai riƙa yanke ta a kan lokaci.

Akwai tsaka-tsaki, wato gauraye. Federer, lokacin da yake wasa, hanji yake sawa a tsaye, folin Luxilon a kwance. Namu na talaka shi ne foli a tsaye, nailan a kwance. Fakiti ɗaya mita 12 ne, rabinsa ya isa gefe guda, don haka kai da abokin wasanka ku sayi foli ɗaya da nailan ɗaya, ku raba, raket biyu sun tashi. Laushi ya ƙaru, kuma nailan ɗin za ta gaji ta tilasta muku sauyawa kafin folin ta daɗe da mutuwa.

Sauran a gurguje.

Kauri: lamba 16 kusan milimita 1.30 ce, lamba 17 kusan 1.25. Lamba na hawa, igiya na sirancewa. Siririya ta fi daɗin bugu, mai kauri ta fi jimiri.

Tsaurin ɗauri: duba wuyan raket ɗinka, a rubuce yake, galibi tsakanin kilo 23 da 27. Ɗauri mai tsauri ba ya ƙara wa ƙwallo gudu, sassauci ne ke tura shi nesa, ya kuma tausaya wa hannu. In foli ce, ka ce wa mai ɗauri, “Malam, a rage mini kilo biyu daga yadda aka saba yi mini da nailan.” Kada ka ce masa kawai a ja ta da kyau.

Ɗan robar nan da ake maƙalawa a ƙasan igiya, ƙarar bugu yake sauyawa. Ba ya maganin ciwon gwiwar hannu. In ciwon ya kama ka, ajiye raket, ka ga likita.

[Hoto: raket a bayan mota, rana tsaka, sannan ƙura a kan igiya]

Wannan kuma namu ne na gida. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi kowa ya san shi, cikin but ɗin mota kuwa ya zarce abin da kake ji a waje. Raket ya wuni a nan, ɗaurin ya saki ko ba ka buga ko sau ɗaya ba. Shiga da shi ofis, ko ka bar shi a ɗaki. Lokacin hunturu kuma ƙurar nan tana shiga mahaɗar igiyoyi ta ci santsin, sai ka riƙa goge su da ƙyalle bayan wasa. In nailan ko malti kake amfani da ita, tsohuwar ƙa'idar masu ɗauri ta ishe ka: yawan zuwanka fili a mako, yawan sauya igiyarka a shekara. Wanda ke aika raket Jos ko Kano a ɗaura masa, ya liƙa 'yar takarda a wuyan raket da kwanan wata da kilo, don mantuwa ba ta da wuya.

In ka tashi yankewa, ko igiya ɗaya ta tsinke maka ana cikin wasa, kada ka bar raket ɗin ya kwana haka, don jan da ya rage a gefe guda yana iya karkatar da firam, wato jikin raket ɗin. Ga yadda ake yi. Almakashi a tsakiya, ka yanke ta tsaye da ta kwance tare a mahaɗa. Sai ka matsa sama kaɗan, sannan ƙasa, dama, hagu, kana faɗaɗawa a hankali har ka kai baki.